Kuɗin Gida a Cikin Waya: Muhawarar Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

A Kano ko Maraɗi, in an ce mutum ya ajiye katinsa a intanet, ana nufin ya bar lambobin katin bankinsa a hannun wani kanti ko wata manhaja, don gobe in zai biya kuɗi ba sai ya sake rubutawa ba. A ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, a ƙasar Sudan, maganar ta zo da wata siffa. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar daga 1997 zuwa 2017 ya raba ta da katunan Visa da Mastercard, kuma sai a Disamban 2020 aka cire sunanta daga jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da ɗaure wa ta'addanci gindi. Shi ya sa manomin Jazira bai saba da irin wancan kati ba. Daga takardar kuɗi a aljihu, sai tura katin waya a madadin kuɗi, sai kuma manhajar banki. Wadda ta fi kowace shiga hannun jama'a ita ce Bankak ta Bankin Khartum, wadda a da ake kira mBOK. Akwai kuma Fawry ta Bankin Faisal da O-Cash ta Bankin Omdurman. Abin da ake ajiyewa a waya a can ya wuce kati. Asusun ne ɗungurungum: lambarsa, kalmar sirrinsa, da layin da banki ke turo lambar tabbatarwa a kansa.

Tambayar da ta raba kan mutane ita ce: shin hikima ce magidanci ya tattara abin da ya noma ya zuba a wannan asusu, ya bar shi a buɗe cikin wayar da yake yawo da ita, ko kuwa ganganci ne? Kowane ɓangare yana da shaida, kuma shaidar ta jini da hawaye ce.

Hausawan nan ba yau suka fara hijira ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Mahajjata masu tafiyar ƙafa sun daɗe suna yada zango a wannan hanya, da yawa kuma zangon ya zame musu gida. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, hannun Hausawa na cikin hannuwan da suka tsinci audugar, suka noma dawa da gyaɗa, suka kama kifi tun daga Sinnar har Rusairis. Jama'ar da kakanninta suka ratso Afirka da guzuri ɗaure a kugu ta san darajar dukiyar da za a iya gudu da ita.

A nan ne masu goyon bayan waya suke kafa hujjarsu ta farko, kuma hujja ce mai nauyi. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojan ƙasar da dakarun RSF. A Disamban wannan shekara Wad Madani ta faɗa hannun RSF, aka bi ƙauyukan Jazira ɗaya bayan ɗaya ana kwasar motoci, taraktoci, buhunan hatsi, dabbobi da gwal ɗin mata. A ƙarshen Yunin 2024 Sinja ma ta faɗi, jama'a suka watse, wasu suka nufi Gadarif, wasu Damazin. Wanda dukiyarsa ke rumbu, ya bar ta a rumbu. Wanda ya cusa kuɗi a katifa, an farke katifar. Amma wanda kuɗinsa ke Bankak, ko da ya iso Gadarif ba takalmi, in ya riƙe lambar asusunsa da kalmar sirrinsa a ka, ya samu layinsa, zai iya sayen garin da zai tuƙa wa 'ya'yansa. Hausawan Shuɗin Nilu ma sun riga kowa ɗanɗana wannan darasi, tun rikicin Yulin 2022 da ya ƙone gidaje da shaguna a yankin Rusairis, da na Wad al-Mahi a Oktoban wannan shekara, lokacin da dubban iyalai suka bar muhallinsu ba tare da sun ɗauki ko tabarma ba.

Hujja ta biyu ita ce zumunci. Gidaje da yawa a waɗannan ƙauyuka suna da ɗa ko ƙane a Jidda, Makka, Libiya ko wuraren haƙar zinare a arewa. Da rassan bankuna suka rufe, aka fasa wasu, kuma tsarin da ke haɗa bankunan ƙasar da juna ya tsaya cik a farkon yaƙin, hanyar da ta rage wa ɗan da ke Saudiyya ya kai wa mahaifiyarsa kuɗin magani ita ce ya ba ɗan canji riyal a can, shi kuma ya tura fam, kuɗin Sudan, ta Bankak a nan. Ɗakunan girkin taimako da ake kira takaya, waɗanda matasan unguwanni suka riƙe, da irin wannan tura-tura suka ciyar da mutanen da yunwa ta tasa a gaba. Duk mai kushe waya ya kamata ya tsaya a nan ya yi adalci: rayuka sun tsira ta wannan hanya.

Sai hujja ta uku, wadda ta ba masu binne kuɗi kunya. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Sudan ya fito da sababbin takardun fam 500 da fam 1,000, aka fara canji ranar 10 ga Disamba a jihohin da ke hannun soja. Ba hannu da hannu aka yi canjin ba. Sai ka zuba tsofaffin takardunka a asusun banki, sannan ka riƙa cira kaɗan-kaɗan, don an ƙayyade abin da mutum zai fitar a rana a fam 200,000. Mai asusu ya shiga layi ya sha rana, amma kuɗinsa sun tsira. Wanda ba shi da asusu kuwa sai da ya buɗe a guje, ko ya roƙi wani ya zuba masa a nasa, ko ya zuba ido takardunsa su zama abin kunna wuta. Mutanen Najeriya ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani; sun ga irinsa a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya tura mai shayi da mai kayan miya ga OPay da Moniepoint ko suna so ko ba sa so.

Har a kan barin kalmar sirri a ajiye cikin waya, wannan ɓangare yana da abin faɗa. Dattijon da karatunsa na allo ne, idonsa kuma ya yi rauni, ba zai iya haddace haruffan boko da lambobi a cakuɗe ba. In ya yi kuskure sau da yawa asusun ya kulle, reshen bankin da zai buɗe masa yana iya kasancewa tafiyar yini, a hanyar da ba tsaro. Don haka yaron gida yakan ce, "Baba, bari in ajiye maka ita a ciki, kai dai ka danna kawai." Tausayi ne ya sa shi, kuma uzurinsa karɓaɓɓe ne a idon duk wanda ya taɓa ganin tsoho yana fama da madannin waya.

To, amma ɗaya ɓangaren ba ƙauyanci ne ke magana a bakinsa ba, kamar yadda wasu 'yan birni ke zato. Abu na farko da suke cewa shi ne mai bindiga ma ya waye. A shingayen hanya da cikin gidaje, abin da aka fara ƙwacewa waya ce, kuma labaran da suka fito daga Jazira da Khartum sun yi ta maimaita abu guda: a ɗora wa mutum bindiga a ce ya buɗe Bankak, a ga abin da ke ciki, a sa shi ya tura da hannunsa. Kuɗin fansar waɗanda aka tsare ma ta nan aka riƙa karɓa. Kuɗin da aka binne a gindin bishiya sai an yi tono, kuma mai su zai iya cewa babu. Waya kuwa ba ta iya rufa wa mai ita asiri. Lambar na nan ɓaro-ɓaro a fuskarta, har da jerin waɗanda suka turo da waɗanda aka tura wa. Ta nan ɓarawo ke gane cewa gidan nan akwai ɗa a Saudiyya, sai ya dawo gobe. Wanda ya bar kalmar sirri a ajiye, ya bar mabuɗi a jikin kwaɗo: ko tambayarsa ba sai an yi ba.

Abu na biyu shi ne Fabrairun 2024. A farkon wannan wata layukan Zain, MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk faɗin ƙasar. Wasu yankuna sun samu sauƙi bayan makonni, amma yawancin Jazira ta shafe watanni ba sabis. Mutum yana da miliyoyi a asusu, ɗansa na kwance da zazzaɓi, ba shi da na ƙwayar magani. Abin da ya cike gurbin shi ne farantan Starlink da aka shigo da su ta ɓarauniyar hanya, waɗanda a yankunan RSF galibi suna hannun dakarun ne ko waɗanda suka ba izini. Sai ka biya kuɗin awa, ka zauna a fili cikin mutanen da ba ka sani ba, a ƙarƙashin idon wanda ya kore ka daga gonarka, ka buɗe asusunka. Wace irin ajiya ce wannan, in ji su, da ba ka isa ka taɓa ta ba sai da yardar maƙiyinka?

Abu na uku ya shafi aljihu da kuma addini. Kuɗin waya ba sa biyan mai jaki, ba sa biyan 'yan ƙodago a gona, sau da yawa ma ba sa sayen albasa a kasuwar ƙauye. Dole a mai da su tsaba, mai tsaba kuma sai ya yanki nasa: wani wuri kashi 10 cikin ɗari, wani wuri 20, inda abin ya tsananta har fiye. Ka tura fam 100,000 a miƙo maka 85,000. Malamai da yawa suna ganin wannan riba ce tsantsa, domin kuɗi iri ɗaya ne aka musanya da ƙari a gefe guda. 'Yan kasuwar da ke yi suna cewa ladan wahala ne da na kasadar ɗauko tsabar kuɗi a hanyar da ake kashe mutum saboda su. Ni dai ban ga yadda ladan wahala zai riƙa hawa daidai da tsananin yunwar mai buƙata ba. In ya kai haka ya tashi daga lada ya koma cin gumin wanda ya rasa mafita. Manomin da ya sha wuyar bashin shail, inda ake sayar da amfanin gona da arha tun yana tsaye don a ci abinci kafin kaka, ya gane wannan fuska ko da ta sauya riga. Ga kuma faɗuwar darajar fam: kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600 a kasuwar bayan fage, a cikin 2024 ta haura 2,000. Wanda ya bar kuɗin audugarsa a asusu shekara guda, ba wanda ya sace masa ko sisi, amma abin da za su saya ya ragu da fiye da rabi. Wanda ya sayi tunkiya ko buhun dawa, in Allah ya tsare masa su, ya fi shi.

Akwai kuma 'yan damfara, waɗanda ba su da bindiga amma ɓarnarsu ba kaɗan ba ce. In an tura kuɗi ta Bankak, manhajar kan fito da shaidar biya, wadda ake kira ish'ar, mai saye ya nuna wa mai sayarwa. An daɗe da samun masu ƙirƙiro ta bogi, mai kama da ta gaske har launi. Mai shagon da ba shi da sabis a lokacin sai ya kalli hoton ya miƙa kaya, sai dare ya duba asusu ya ga wayam. Wasu kuma sukan bugo waya su ce daga banki suke, ana sabunta bayanai, a karanto musu lambar da ta shigo yanzu. Mutumin kirki da ya saba girmama hukuma sai ya karanto.

Sai dai hujjar da ta fi damuna, wadda kuma ba a cika faɗarta da ƙarfi ba, ita ce: da sunan wa aka buɗe asusun? Ba a buɗe asusu sai da lambar ɗan ƙasa, kuma samun takardar zama ɗan ƙasa tsohon miki ne ga Hausawan Sudan. Dokar 1957 ta nemi mutum ya tabbatar kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun 31 ga Disamban 1897. Wanda kakansa ya iso tare da Mai Wurno bayan 1903 ya faɗa waje da layin nan, ko da shi da ubansa a gaɓar Nilu aka yanke musu cibiya. An sassauta dokar daga baya, har ta 1994 ta mai da ma'aunin zuwa 1 ga Janairun 1956, amma halin ofisoshi bai sauya da saurin takarda ba, kuma har yanzu akwai tsofaffi da mata da mazauna sansanonin ma'aikatan gona, wato kanabi, da ba su da lambar. Sakamakon haka, a gida guda, wani lokaci ma a unguwa guda, asusu ɗaya ne, na wani saurayi mai babbar waya. Ta nan kuɗin baffansa ke shigowa, ta nan adashin matan gida ke taruwa, ta nan sadakin ƙanwarsa ya bi. Yawancin samarin nan masu amana ne, Allah ya saka musu. Amma in aka ƙwace wayar, unguwa ce aka yi wa fashi. In saurayin ya rasu, a idon banki duk abin da ke ciki nasa ne, magadansa ne za su karɓa, bazawarar da ta ba shi ajiyar kuɗin awakinta kuwa ba ta da ko tsinken shaida. Haka in maigida ya rasu da kalmar sirri a cikinsa, marayu na iya zama da yunwa alhali haƙƙinsu na nan a kulle. Addininmu ya tsananta a kan rubuta bashi da kafa shaidu da tsare amana, amma mun karɓi sabuwar hanyar ajiya mun manta da tsohon ladabinta.

Da na auna ɓangarorin biyu, na ga kowannensu yana kallon wata rana ce daban. Mai goyon bayan waya yana tuna ranar gudu da ranar canjin kuɗi. Mai adawa yana tuna ranar shinge da watannin da sabis ya ɗauke. Dukkan ranakun nan sun zo wa mutane ɗaya a cikin shekara biyu, kuma ba wanda zai rantse ba za su sake zuwa ba, duk da cewa soja ya karɓe Sinja a Nuwamban 2024 da Wad Madani ranar 11 ga Janairun 2025, jama'a kuma sun fara komawa gonakinsu. Saboda haka ban yarda da mai cewa a fita daga Bankak a koma katifa ba. Gwamnati ta riga ta nuna za ta iya kashe takardar kuɗi da sanarwa guda, 'yan uwa na waje kuma ba su da wata hanyar da ta fi wannan sauri. Gidan da ba shi da asusu a Sudan ta yau ya jingina rayuwarsa ga asusun wani.

Amma a kan barin komai a buɗe cikin wayar da ake yawo da ita, ina tare da masu adawa ba tare da wata-wata ba. Sauƙin da ake samu na daƙiƙa goma ne, asarar kuwa ta noman shekara ce. Kada a ajiye kalmar sirri a waya. Dattijon da ba zai iya haddacewa ba, a rubuta masa a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardun gona, mutum ɗaya amintacce daga cikin magadansa ya san wurin. Wayar da ke zuwa kasuwa ta ɗauki kuɗin kasuwa kawai. Babban abin ya zauna a wani asusun da manhajarsa ba ta cikinta. Mutane da yawa a lokacin yaƙin sun koyi goge manhajar kafin su hau hanya, su sake saukar da ita in sun isa, kuma dabara ce mai kyau, sai dai mai bindiga yakan yi zargin wayar da ya gani fes. Ƙaramin asusu mai ɗan abin da za a miƙa a tsira da rai ya fi gardama da wanda yatsarsa ke kan kunamar bindiga. Rai ya fi dukiya, kuma ba wanda zai zargi mutumin da ya tura kuɗinsa don ya koma ga iyalinsa.

Sauran kuwa ladabi ne da kowane mai shago ya kamata ya riƙe: kada kaya su bar hannunka don hoton da ka gani a wayar mai saye, sai ka ga kuɗin a naka asusun, in ba sabis, to bashi ne, a rubuta shi a matsayin bashi. Lambar da banki ya turo maka taka ce kai kaɗai, ma'aikacin banki na gaske ba ya tambayarta. Layin da asusun ke kai ya kasance da sunanka aka yi masa rajista, domin in waya ta ɓace, da shi za ka dawo da komai. Abin da ya wuce buƙatar 'yan watanni kuma, a raba shi: wani a asusu, wani a hatsi, wani a dabba, ɗan kaɗan tsaba don ranar da sabis zai ɗauke. Wanda kuma yake riƙe wa mutane kuɗi a asusunsa, ya buɗe littafi, kowane mai ajiya da shafinsa, da shaidu biyu, liman ko mai unguwa ya san da shi.

Babban aikin yana wuyan shugabanni. Sarakunan Hausawa da omdodi, wato dagatai, da limaman Juma'a, daga Mai Wurno zuwa Damazin, su mai da samun lambar ɗan ƙasa ga kowace mace da kowane tsoho aikin gayya, su nemi jami'an rajista su zo har ƙauye, su tsaya a matsayin shaidu ga mutanen da suka san iyayensu da kakanninsu. Bankuna su faɗaɗa hanyar tura kuɗi da ke aiki a ƙaramar waya ba tare da intanet ba, su kuma sa wakilai a kasuwannin mako da ladan da aka ƙayyade aka liƙa a bango, don a karya kasuwar masu yankar kashi 20. Kai kuma ɗan uwa da ke Jidda ko Kano kana tura wa gida kuɗi, kafin ka sake turawa, tambayi Inna ko asusun da sunanta yake. In ba da sunanta ba ne, kuɗin da za ka fara turawa su zama na motar da za ta kai ta ofishin rajista.